Laburaren Kimiyya a Jami'o'inmu: Gyaran da Ya Wuce Fenti da Kujeru

Ilimin kimiyya yana saurin tsufa. A 2005 Najeriya ta daina ɗaukar kulorokwin a matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro, saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa. A 2016 aka kammala raɗa wa sinadarai huɗu na ƙarshe suna, jadawalin sinadarai ya cika 118. Ɗalibin haɗa magunguna ko na kimiyyar sinadarai da ya dogara ga littafin da aka buga kafin waɗannan shekaru zai haddace abin da duniya ta riga ta wuce, kuma da shi zai fita aiki. Saboda haka laburaren kimiyya yana buƙatar ciyarwa kowace shekara, ba sau ɗaya ba.

Ran irin wannan laburare shi ne mujallun bincike, inda masana ke fara bayyana sakamakon gwaje-gwajensu shekaru kafin ya shiga littafin aji. Manyan mujallun suna hannun kamfanoni irin su Elsevier da Springer Nature da Wiley, kuma da dala ake biyan kuɗinsu duk shekara. A farkon 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana kusan naira 460. A 2024 ta haura naira 1,500. Jami'ar da kasafinta bai motsa ba ta wayi gari ba ta iya sayen ko sulusin abin da take saye a da.

Duk da haka akwai ƙofofi a buɗe. A 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da Hinari domin cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su karanta mujallun lafiya kyauta ko a kan kuɗi kaɗan. AGORA ta biyo baya a 2003 don aikin gona, sai OARE a 2006 don muhalli, kuma yau duk suna ƙarƙashin inuwar Research4Life. Akwai kuma AJOL, rumbun mujallun Afirka da aka kafa a 1998. Abin takaici, ɗalibi kan kai ajin ƙarshe bai taɓa jin sunansu ba, sai ya je shagon kwamfuta a bakin ƙofar makaranta ya biya a kwafo masa aikin wani.

A nan ne ma'aikacin laburare ya fi kowace na'ura muhimmanci. Shi zai zaunar da sabon ɗalibi ya nuna masa yadda ake zaɓar kalmomin nema, yadda ake bambance mujallar ƙwarai da ta 'yan damfara masu buga komai in an biya su, da yadda ake ambaton madogara ba tare da satar fasaha ba. Horar da ma'aikata goma bai kai kuɗin rufin gini ɗaya ba, amfaninsa kuwa yana bin kowane ɗalibi har wurin aikinsa.

Sai maganar wuta. Duk wanda ya yi karatu a jami'o'inmu ya san ɗakin kwamfutocin da aka buɗe da biki: injuna a jere an lulluɓe su da leda, ƙurar hunturu ta kwanta a kai, ƙofa a garƙame don babu man janareta. A watan Afrilu kuwa, fanka na tsayawa zaure zai watse, kowa ya koma gindin darbejiya da takardunsa. Arewa ba ta rasa rana ba. Farantan sola da batura masu iya riƙe fitilu da fankoki da intanet har dare za su ƙara wa laburare sa'o'in aiki, musamman ga ɗalibai mata da ke buƙatar wuri mai haske da tsaro.

Akwai kuma dukiyar gida. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru ta Zariya, inda aka samar da irin masara na SAMMAZ da irin wake na SAMPEA. Kundayen digiri a kan ƙasarmu da cututtukanmu da itatuwanmu suna jibge a ɗakunan ajiya na jami'o'i da dama, gara da danshi na yi musu barazana, kuma ba kamfanin Turai da zai sayar mana da madadinsu. Ɗaukar hotonsu a zuba a rumbun intanet na jami'a aiki ne na gaggawa.

Hanyar kuɗi tana nan. Asusun tallafa wa ilimi da aka kafa a 1993, wanda ya zama TETFund a 2011, yana ware kaso na musamman don bunƙasa laburare. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Ya kamata majalisun jami'o'i su riƙa tambayar ɗalibai nawa suka shiga, maƙaloli nawa aka sauke, sa'o'i nawa aka samu wuta, sannan su ware kuɗin mujallu da gyaran batura da horar da ma'aikata tun kafin a aza tubalin sabon gini. Likitan da zai duba 'ya'yanmu da injiniyan da zai gina gadojinmu a waɗannan zauruka ake ƙera su, kuma haƙƙinsu ne su karanta ilimin bana.