Harajin mota a Birtaniya ba ya bin mota zuwa hannun sabon mai ita

Tun daga 1 ga Oktoba 2014, duk wanda ya sayi motar hannu a Birtaniya sai ya biya harajin hanya da sunansa kafin ya tuƙa ta, ko da tsohon mai ita ya biya na shekara guda.

Da zarar an sanar da hukumar rajistar motoci ta DVLA da ke Swansea cewa mota ta sauya hannu, sai ta soke harajin da ke kanta, ta mayar wa mai sayarwa kuɗin cikakkun watannin da suka rage. Shi kuwa mai saye, biyansa yana farawa ne daga ranar ɗaya ga watan da ya saya. Ke nan watan ciniki sau biyu gwamnati take cin kuɗinsa, abin da direbobi suka daɗe suna ƙorafi a kai, kuma da gaskiyarsu.

Ba sai an jira sabuwar takardar rajista kafin a biya harajin ba. Mai sayarwa zai yago koren ɓangaren takardar rajistar motar, wato V5C, ya ba mai saye. Da lamba mai alƙaluma 12 da ke jikinsa ake biya ta intanet, ta waya, ko a gidan waya, muddin motar tana da inshora da shaidar gwajin lafiyar mota na MOT idan shekarunta sun kai.