Wutar Itace, Bututun Hayaƙi da Gobara a Gidajen Tamale

Itace ba ya ƙonewa gaba ɗaya a cikin murhu. Wani ɓangare nasa yakan zama zafi, wani ya zama toka, saura kuma ya tashi cikin hayaƙi ya je ya manne a duk inda ya tarar da sanyi: jikin bango, ƙarƙashin jinka, katakon rufi, ko cikin bututun da aka kafa don fitar da hayaƙin. Wannan sauran da ya manne makamashi ne da bai gama ci ba, yana jiran ranar da zafi zai ishe shi. Yawancin gobarar da ke tashi daga rufin madafi ko daga bututun hayaƙi daga nan take samo asali.

A Tamale, babban birnin Yankin Arewa na Ghana, lamarin yana da lokacinsa. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ke kaɗawa daga Sahara, ta busar da ciyawa da zana da katako ƙarau. Da dare da asuba sanyi kan sauka, mutanen da suka saba da zafin da ke kai maki 40 a ma'aunin Selshiyos a watan Maris sai su nemi wuta. A unguwanni irin su Vittin, inda gidajen bulo masu rufin kwano ke maƙwabtaka da tsoffin gidajen Dagomba masu zagayayyun ɗakuna da jinka, murhu na yin aiki biyu a wannan lokaci: girki da jin ɗumi. Ba kasafai ake gina wurin hura wuta mai bututu a cikin ɗakin kwana ba, kamar yadda ake yi a ƙasashen Turai masu ƙanƙara. Amma bututun hayaƙi ya shigo gari ta wata ƙofar. Akwai shi a gidajen burodi, a madafan makarantun kwana, da kuma a ingantattun murahu da ake gina wa ƙungiyoyin mata masu sarrafa man kaɗe da masu yin gumin shinkafa.

Yadda kwalta ke taruwa

Hayaƙin itace ya ƙunshi tururin ruwa, da iskar da ba ta ƙone ba, da ƙananan ɗigon mai irin na kwalta. Muddin hayaƙin na da zafi sosai, yakan fice sama da kayansa. Idan kuwa ya huce a hanya, musamman idan zafin cikin bututun ya yi ƙasa da maki 120 a ma'aunin Selshiyos, sai ya daskare a jikin ƙarfe ko bulo. Da farko kunkunniya ce mai laushi, wadda tsintsiya ke sharewa. In an ƙyale ta, sai ta zama ɓawo baƙi mai ɓantalewa. Daga nan ta koma wata kwalta mai sheƙi, mai tauri, wadda ko da wuƙa ba ta kankaruwa cikin sauƙi. Masana na kiranta kiriyosot, kuma wannan mataki na uku shi ne mafi haɗari, domin idan ta kama, zafin cikin bututun na iya haura maki 1,000. Zafi irin wannan yana tsaga bulo, yana lanƙwasa ƙarfe, yana kuma kunna katakon da ke kusa ba tare da harshen wuta ya taɓa shi ba.

Abubuwa uku ke saurin tara ta: ɗanyen itace, wutar da aka hana iska, da bututu mai sanyi. Na farkon ya fi sauran ɓarna. Itacen da aka sare yau, kusan rabin nauyinsa ruwa ne, alhali wanda ya dace da murhu bai kamata ruwansa ya wuce kashi 20 cikin 100 ba. Ɗanyen itace sai ya fara dafa ruwan jikinsa kafin ya ci, don haka wutarsa ba ta da ƙarfi, hayaƙinsa kuma fari ne mai kauri da yaji. Duk wadda ta taɓa girki da shi ta san alamarsa: yana tsuwa, kumfa na fita ta bakin da ke waje, mai girki na fifita tana share hawaye.

A nan ne yanayin Tamale yake da wata dabara da mutane da yawa ba su lura da ita. Damina a wannan yanki ɗaya ce, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, kuma a cikinta ne ake fama da jiƙaƙƙen itace. Watanni biyar ko shida bututu na shan hayaƙi mai ruwa, kwalta na hawa kan kwalta, ba abin da ya faru, domin wutar ba ta da zafin da za ta kunna ta, rufin ma a jiƙe yake. Da hunturu ya shigo, itace ya bushe, wuta ta fara ci bal-bal, iska na jan harshenta sama cikin bututun, sai abin da aka tara tun damina ya kama. Gobarar watan Janairu sau da yawa a watan Agusta aka shirya ta. Saboda haka lokacin da ya fi dacewa a share bututu sosai shi ne ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, kafin iskar ta juya.

Itace da hura wuta

Busar da itace ba ya buƙatar kuɗi, sai tanadi. A faskara shi, domin faskare ya fi gungume saurin bushewa. A jera shi a kan duwatsu ko tsoffin bulo don kada ya sha damshin ƙasa, a rufe samansa kawai, a bar gefe iska na ratsawa. Busasshen itace ba shi da nauyi, bakinsa a tsattsage yake, ɓawonsa na saɓulewa, kuma idan aka buga biyu suna ba da ƙara ƙwal, ba dum ba. Itatuwa masu tauri irin su marke da kirya sun fi bayar da garwashi mai daɗewa. Darbejiya ma, wadda ta wadata a Tamale, tana ci da kyau in ta bushe. Kaɗanya da ɗorawa kuwa asara ce a sare su don murhu, ganin cewa 'ya'yansu ne ke riƙe da gidaje da yawa a arewacin Ghana. Ya kamata tulin itacen ya yi nisa da murhu da bangon ɗaki. Jingina shi a jikin madafi, kamar yadda aka saba, kawo wa gobara abinci ne har bakin ƙofa.

Wuta ƙarama mai zafi ta fi babba mai turnuƙewa. Cusa itace har murhu ya toshe, ko rufe ƙofar iska don wutar ta kwana tana cin kanta, yana rage cin itace a ido, amma yana cika bututu da kwalta. Haka nan leda da roba da tsohon takalmi da ake tayar da wuta da su, da katako mai fenti, duk suna barin datti mai danƙo, ban da gubar da ke cikin hayaƙinsu. Fetur kuwa ba shi da gurbi a kusa da murhu ko kaɗan. Masu man kaɗe da ke busar da tunkuzar da ta rage su mayar da ita makamashi suna yin tattali mai kyau, sai dai akwai sauran mai a jikinta, don haka bututunsu na buƙatar shara fiye da na kowa.

Inda bututu ya ratsa rufi

Wurin da ya fi kowane haɗari a ginin shi ne inda bututu ya huda rufi. Magini kan yanka kwano daidai faɗin bututun, ya bar ƙarfen na gogar katako ko silin. Wata da watanni zafi na gasa katakon a hankali, yana baƙi, yana zama kamar gawayi, har ya kai yana iya kamawa da zafin da a da ba zai yi masa komai ba. Ƙa'idar da magina ke bi a ƙasashen da suka daɗe da wannan sana'a ita ce a bar tazarar santimita 45 tsakanin bututun ƙarfe mai falle ɗaya da duk abin da zai iya ci. Inda hakan bai yiwu ba, a kewaye wurin da bulo ko yumɓu mai kauri. Bakin bututun kuma ya ɗara inda ya fito daga rufi da aƙalla santimita 90, ya kuma fi duk wani abu da ke cikin tazarar mita 3 tsawo da santimita 60. Gajeren bututu ba ya jan hayaƙi da kyau, kuma yana zubar da tartsatsi a kan rufin da yake kai. A sa masa hula ta hana ruwan sama shiga, da raga ta tare tartsatsi, amma a riƙa duba ragar, domin ita ce ke fara toshewa. Gwiwoyi da yawa a jikin bututu ma matsala ne: kowace kwana matattarar kwalta ce.

Shara kanta ba ta da wuya. Bayan murhu ya huce sarai, a zura doguwar sanda mai burushin waya a kai, ko buhu da aka cusa wa ɗan tsakuwa aka ɗaure da igiya, a ja sama da ƙasa har ɓawon ya zube, a kwashe ta ƙasa. Idan kaurin abin da ya manne ya kai milimita 3, lokacin shara ya yi, ko da jiya aka yi ta. Gidan burodi ko madafin makaranta da ke hura wuta kullum bai kamata wata ya wuce ba a leƙa bututunsa da tocila ba. Mai sharar ya rufe hanci da baki, ya wanke jikinsa da sabulu in ya gama. Tun a 1775 wani likitan Landan mai suna Percivall Pott ya gano cewa kunkunniya na jawo ciwon daji ga masu share bututun hayaƙi, waɗanda a wancan zamani tun suna yara ake tura su ciki. Wannan aiki ba na yara ba ne.

Madafin da ba shi da bututu

Mafi yawan gidaje a Vittin da sauran unguwannin Tamale har yanzu a kan murhun duwatsu uku ko kurfoti suke girki. A irin wannan madafi rufin ne ke shan abin da bututu zai sha. Wanda ya ɗaga kai a tsohon ɗakin girki zai ga jinka ta yi baƙi ƙirin tana sheƙi, yanar gizo-gizo ta yi nauyi da kunkunniya tana reto a saman tukunya. Tartsatsi ɗaya ya isa. A share rufin kafin hunturu, a bar tagar fitar hayaƙi a sama, kada kuma a rataye tsumma ko kwando a saitin wuta. Toka ma tana yaudara, domin garwashi na iya kwana biyu ko uku da rai a cikinta. A yayyafa mata ruwa kafin a zubar, kuma ba a gindin zana ko cikin busasshiyar ciyawa ba. Dokar Ghana ta 1990 kan hana wutar daji ta haramta tayar da irin wannan wuta, kuma a bakin gari tazarar da ke tsakanin juji da gonar maƙwabci kaɗan ce.

Akwai kuma haɗarin da ba shi da harshen wuta. Shigar da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga don jin ɗumi yana tara iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma jini na kama ta fiye da yadda yake kama iskar shaƙa sau sama da 200. Tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya jin komai. Toshasshen bututu ma yana maido ta cikin ɗaki. A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon kafin a kwanta, musamman inda akwai mai jego da jariri ko tsofaffi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020. Wannan ne ya sa ake ƙarfafa murhu mai bututu, kuma dalilin mai ƙarfi ne. Abin da ake yawan mantawa shi ne koya wa masu shi yadda za su kula da bututun bayan magini ya tafi.

Idan ta kama

Gobarar bututu tana da sauti: rugugi mai ƙarfi daga ciki, da ƙarar fashe-fashe, baƙin hayaƙi da tartsatsi na fita ta sama, wani lokaci ƙarfen ya yi ja. A fara fitar da kowa. A rufe ƙofar murhu da duk wata kafar iska, a zuba yashi a kan wutar da ke ƙasa, a kashe lantarkin ɗakin. Kada a kwarara ruwa cikin bututu mai zafi, domin ruwa idan ya zama tururi yakan kumbura kusan sau 1,700, ya tsaga bulon ko ya watso wa mai zubawa. A yi amfani da ruwan a jiƙa rufin da ke kewaye da bututun da jinkar maƙwabta. Tukunyar mai da ta kama ita ma murfi take so ko yashi, ba ruwa ba. Da yake ruwan famfo kan yi wuya a Tamale da rani, bokiti biyu na yashi a bakin madafi tanadi ne da kowane gida zai iya. Bayan wutar ta mutu, ba a sake hura murhun sai an duba bututun daga sama har ƙasa, domin tsagar da ta bari ita ce hanyar gobara ta gaba.

Masu gidajen burodi da makarantu da sauran wuraren da jama'a ke taruwa su san cewa dokar kariya daga gobara ta 2003 ta wajabta musu mallakar takardar shaida daga Hukumar Kashe Gobara ta Ghana. Ga kowa da kowa kuma, a kira 'yan kwana-kwana tun wutar tana cikin bututu, kada a jira ta hau rufi. Lambarsu 192 ce, ko 112.