Mai ciwon suga zai iya yin tiyatar rage tumbi?

Zai iya, amma sai sugansa ya daidaita tukuna. A wannan aiki likita yakan tsaga fata daga ƙugu zuwa ƙugu a ƙasan cibiya, ya ɗaga ta, ya ɗinke tsokar da ta saki, ya yanke rarar fata da kitse. Ciwo ne mai tsawo, kuma fatar da aka ɗaga jininta ya ragu. Suga mai yawa yana lalata ƙananan jijiyoyi, yana raunana garkuwar jiki, shi ya sa ɗinki kan buɗe, ya yi ruwa, gefen fatar ya yi baƙi ya mutu.

Don haka likitoci ke duba gwajin HbA1c, mai nuna yadda suga ya kasance cikin kusan wata 3. A Ingila ana son ya gaza kashi 8.5 kafin tiyatar da ba ta gaggawa ba. Likitocin gyaran jiki da dama sun fi tsanantawa, kuma da gaskiyarsu, tunda ba rai ake ceto ba.

Sai magunguna. Irin su dapagliflozin ana dakatar da su kwana 3 kafin aiki. Ozempic yana jinkirta narkewar abinci, dole mai ba da maganin barci ya sani. Taba kuwa a bar ta makonni kafin nan.

Tiyatar ba ta warkar da suga, domin kitsen da ke kewaye da hanji yana nan daram. Masu zuwa Turkiyya don yin wannan tiyata su tuna gudan jini a ƙafa, wanda doguwar tafiya a jirgi ke ƙara haɗarinsa.