Idan tafinta ta yi kuskure: a gyara yanzu ko a jira babbar sabuntawa?

Duk manhajar da ke cikin wayar hannu mutum ne ya rubuta ta, amma wayar ba ta jin yaren da ya yi rubutun da shi. Akwai tafinta a tsakani da ake kira kwamfaila, wadda ke juya rubutun zuwa umarnin da na'ura ke ganewa. Idan kwamfaila ta yi kuskure, manhaja na iya fitowa da aibu ko da wanda ya rubuta ta bai yi laifin komai ba.

To idan an gano irin wannan kuskure, a saka gyaran cikin ƙaramar sabuntawa ne, ko a jira babba? Masu haɗa manhajoji suna karɓar ƙananan sabuntawa ne bisa amanar cewa ba za su sauya musu aiki ba. Gyara a kwamfaila kuwa yakan taɓa kowace manhaja da ta bi ta cikinta, har rubutun da ya yi aiki jiya ya ƙi wucewa yau.

Yaren Rust, wanda Google ya fara amfani da shi a cikin tsarin Android, ya gamu da wannan tsaka-mai-wuya a 2021. Masu kula da shi kan fitar da sabon zubi duk bayan mako shida. A watan Mayu sun fitar da 1.52.0, ɗauke da wani bincike na ciki da ya bankaɗo tsofaffin kurakurai a tsarin da ke hanzarta aiki ta hanyar sake fassara inda aka sauya kawai. Nan take kwamfailar ta fara tsayawa cak a hannun mutane da dama.

Hanya mafi sauƙi ita ce a cire binciken, kowa ya samu salama. Sai dai kurakuran da ya bankaɗo suna iya sa kwamfailar ta haɗa manhaja ba daidai ba, shiru, ba tare da wani gargaɗi ba. Jiran mako shida kuma na nufin barin mutane cikin matsala.

Cikin 'yan kwanaki suka fitar da 1.52.1. Ba su cire binciken ba, ba su kuma cusa babban gyara cikin gaggawa ba. Sun dai kashe tsarin hanzartawar. Aiki ya yi nauyi ga masu haɗa manhajoji, amma haɗarin ya kau. Sai a zubi na 1.54, a watan Yuli, bayan an yi gyara a tsanake, aka sake kunna shi.

Ma'aunin da suka bi shi ne: kuskuren da ke lalata manhaja a ɓoye ba ya jira, amma abin da za a saka a ƙaramar sabuntawa ya zama mafi ƙanƙantar matakin da zai tsayar da ɓarna. Mai waya ba ya ganin wannan shawara, amma ita ke cikin dalilan da ke sa manhajar da ya sauke ta yi abin da aka rubuta ta yi.