Ciyawar Sudan da Manyan Injuna: Me Ake Cetowa a Filayen Texas da Kansas?

A shekarar 1909 wani masanin tsirrai na Ma'aikatar Noma ta Amurka, Charles Piper, ya karɓi ɗan ƙunshin iri daga Khartum. Abin da yake nema ciyawa ce mai yawan ganye wadda ba ta da saiwa mai rarrafe a ƙarƙashin ƙasa, irin saiwar ciyawar Johnson da ta hana manoman kudancin ƙasar sakat. Aka shuka irin a tashar gwaji ta Chillicothe a jihar Texas, ya yi kyau, aka raɗa masa suna ciyawar Sudan. 'Yar uwar dawa ce ta jini, shi ya sa suke barbarar juna ba wuya. A wannan tasha dai, cikin shekarun 1950, aka gano hanyar samar da dawar da furenta ba ya fitar da ƙurar barbara, abin da ya mai da haɗa iri sana'ar kamfanoni. Daga nan aka samu ruwa-biyun da muke magana a kanta: uwa dawa, uba ciyawar Sudan. Karanta bai kai na dawa kauri ba, tsayinta ya kere mutum, kuma idan an yanke ta sai ta sake tohowa.

An daɗe ana yi mata kallon 'yar cike gurbi. Ita ake watsawa idan masara ta ƙi, ko idan sanyin hunturu ya kashe alfalfa, kamar yadda ya faru da manoman Wisconsin a 2019. A wajen masu shanun tatsa, masara ce kan gaba wajen yin sailej, wato ɗanyar shuka da ake datsawa gutsi-gutsi, a danne ta, a rufe ta ruf don kada iska ta shiga, ta tsima ta yi ɗan tsami kamar ƙullun koko da ya kwana, har ta shekara ba ta lalace ba. Amma a 'yan shekarun nan, a arewacin Texas, yammacin Kansas da gabashin New Mexico, dangin dawa sun fara cin filayen da masara ta saba riƙewa.

Babban dalili ruwa ne. Noman wannan yanki kacokan ya rataya a kan Ogallala, tafkin ƙarƙashin ƙasa da ya ratsa jihohi 8, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 450,000. Tun da Frank Zybach ya yi rajistar na'urar ban-ruwa mai kewaye a 1952, aka cika filayen da da'irori kore, kowace ɗaya kimanin hekta 50, da rijiyar burtsatse tana ba ta ruwa. A kudancin tafkin abin da ake zuƙa ya ninka abin da ruwan sama ke mayarwa sau da yawa, har a wasu sassa ruwan ya yi ƙasa da fiye da mita 45. Rijiyar da a da take shayar da da'ira guda ta masara, yau da ƙyar take ɗaukar rabi. Masara kuwa ba ta san haƙuri ba: idan ƙishi ya same ta a makon da take fitar da gemu, an yi asarar shekara. Dawa da 'yan uwanta sukan naɗe ganye su tsaya cik, su jira, ruwa na sauka su ci gaba. Farin 2011 da na 2022 sun koya wa manoma da yawa wannan bambanci da kuɗin aljihunsu.

A daidai lokacin da ruwan ke janyewa, shanu ƙaruwa suke yi. Manyan gonakin madara sun yi ƙaura daga California da wasu wurare zuwa wannan yanki saboda arhar fili da bushewar iska, kamfanin cuku na Hilmar ya buɗe masana'anta a Dalhart a 2007, yau kuma Texas na cikin jihohi huɗu da suka fi samar da madara a Amurka. Gona ɗaya takan tara shanu dubbai. Hatsi ana iya kawo shi a jirgin ƙasa daga Nebraska ko Iowa, amma sailej kashi biyu cikin ukunsa ruwa ne, jigilarsa nesa asara ce. Dole a noma shi kusa da garke.

Abin da ya daɗe yana hana masu shanu karɓar dawa shi ne taurin kara. Saniya ta ci ta cika tumbi, nono bai zo ba. A 1978 masu bincike a Jami'ar Purdue suka fitar da bayanin wani nau'i mai jijiyar ganye ruwan ƙasa, wanda ake kira BMR, mai ƙarancin sinadarin da ke sa kara ya zama itace. Ya fi narkewa a ciki nesa ba kusa ba. Illarsa ita ce kara mai taushi yakan kwanta idan iska ta kaɗa, kuma iska ba ta hutawa a wannan yanki.

Sai a zo kan injin, wanda a ganina shi ne ya sauya lissafin fiye da yadda ake faɗa. Dawar sailej zalla akan bar ta har ƙwaya ta yi tauri kaɗan, a datse ta tsaye sau ɗaya. Ruwa-biyun Sudan ba haka take ba. Mai son inganci yakan yanke ta tana kamar mita ɗaya ko ɗan fiye, kafin ta yi ciki, ya bar tushiya kamar santimita 15 don ta samu inda za ta toho, ya dawo bayan mako biyar ko shida. A wannan lokaci fiye da kashi 80 cikin ɗari na jikinta ruwa ne. Idan aka tara ta haka, ruwan zai tsiyaye da zaƙin da ake so ya tsima, abin da ya rage ya yi ɗoyi, shanu su juya masa baya. Sai ta sha iska ruwan ya sauko zuwa kashi 65 ko 70. Don haka injin yanka ne ke fara shiga, irin su Krone BiG M mai share kusan mita 10 a wucewa ɗaya, yana murƙushe karan tsakanin ƙarafa don ya yi saurin bushewa, yana shimfiɗa shi da faɗi. Bayan kwana ɗaya ko biyu wani injin ya tattara shi layi-layi. Sannan babban ya iso.

Injin datsa mai tuƙa kansa, ko Claas Jaguar 990 ne, ko John Deere 9900, ko Krone BiG X 1180, ƙarfinsa daga doki 900 ne zuwa sama da 1,100. Yana tsince layin daga ƙasa, wuƙaƙe a jikin ganga mai juyawa suna datsa shi tsawon santimita ɗaya zuwa biyu, dogon wuya yana feso shi cikin babbar motar da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi. Mota na cika cikin 'yan mintuna, ta zame, ta bayanta ta shiga gurbin ba tare da injin ya tsaya ba. Tan 200 a awa ba abin mamaki ba ne.

A nan ne matsalar da ba a gani daga titi take. Injin ya fi wurin tarawa sauri. Ƙa'idar da malaman gona ke bayarwa ita ce a baza ciyawar kaurin da bai wuce santimita 15 ba, a kuma tanadi nauyin tarakta kimanin kilo 400 ga kowane tan da ke isowa a awa. Tan 200 ke nan na buƙatar tan 80 na ƙarfe yana kai da komo a kan tulin, taraktoci manya uku ko huɗu. Ɗan kwangilar da ake biya bisa yawan tan ba ya son rage gudu, mai shanu kuma ba ya son hayar ƙarin tarakta. Sai iska ta maƙale a ciki, tulin ya ɗau zafi, ya yi fumfuna, wani kaso na abin da aka shayar da ruwan Ogallala ya ruɓe kafin baki ya taɓa shi. Haka idan mai tattarawa ya sauke haƙoran injinsa ƙasa da yawa, sai ya kwaso turɓaya, ita kuma ta zo da ƙwayoyin da ke ɓata tsimi. Tsayin tulin ma ya zama hatsari. Marigayi Keith Bolsen na Jami'ar Jihar Kansas ya ƙarar da ƙarshen rayuwarsa yana gargaɗi kan fuskar sailej da ke ruftowa ta binne ma'aikaci, saboda ana tara shi sama da inda hannun injin ɗiba ke kaiwa.

Kuɗin injin shi ma ya sake fasalin wanda zai iya wannan noma. Sabo ya haura rabin dala miliyan da nisa, ga motoci, ga taraktoci, ga direbobi. Ba ya biyan kansa sai ya datse dubban hekta a shekara. Shi ya sa aikin ya koma hannun 'yan kwangila masu yawo daga gona zuwa gona, da ma'aikatan wucin gadi, da yawansu daga Afirka ta Kudu, masu shigowa da bizar aikin gona. Ciyawar Sudan kuwa a lokacin zafi tana ƙara tsayi kullum, ingancinta na raguwa kullum. Babban mai shanu da ya ba da kwangilar hekta dubu shi ake fara zuwa wa. Mai hekta arba'in sai ya jira, kafin layi ya zo kansa ta fitar da kai ta zama kara. Shukar da ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi, don irinta ya fi na masara arha kuma ba ta cin taki da ruwa kamarta, ta faɗa cikin tsarin girbi da ke fifita babba. Wannan yana damuna, domin ba halin ciyawar ba ne, zaɓin mutane ne.

Gubarta kuwa makiyayanmu sun riga Amurkawa saninta, su da ba sa barin dabba ta faɗa wa gyauron dawa. Ƙaramin toho, ko wanda fari ko sanyi ya buga, yana ɗauke da sinadarin da ke zama sayanayid a tumbi, saniya ta faɗi cikin mintuna. Shi ya sa ake hana kiwo a kanta kafin ta kai santimita 45 zuwa 60. Akwai kuma naitiret da ke taruwa a gindin kara idan an zuba taki da yawa ruwa ya ɗauke, kuma gonakin da ke kusa da manyan garkuna cike suke da kashin shanu. Tsimi na rage duka biyun, na naitiret da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, alhali busarwa ba ta taɓa naitiret. Wannan ribar sailej ce ta gaske, kuma ba ta buƙatar injin doki dubu: rami, ƙaramin injin datsa, dannewa da leda sun isa, irin abin da cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta daɗe tana koyarwa. Ban da guba kuma, tun 2013 manoman Texas ke fama da wata kwarkwatar ganye mai zubar da darɓa, wadda ke manne wa injin ta kuma rage ƙimar ciyawar.

Saura tambayar da aka faro da ita, ta ruwa. A kan kowace hekta, babu gardama, dangin dawa sun fi masara tattali, kuma gwaje-gwajen da Jami'ar Texas A&M ke yi kowace shekara a Bushland sun tabbatar suna ba da kaya mai yawa da ban-ruwa kaɗan. Amma kusan kashi ɗaya cikin uku na busasshen nauyin sailej ɗin masara sitaci ne, ita kuwa ruwa-biyun da aka yanka kafin ta yi zangarniya kusan ba ta da shi. Saniyar da ake tatsa lita 35 a rana sai an cike mata gurbin da hatsin masara, wanda wani ya noma a wani wuri, wataƙila da ruwan tafkin nan dai. Sannan girbin sailej na kwashe shukar gaba ɗaya, ya bar ƙasa tsirara a ƙarƙashin tayoyin manyan motoci, a yankin da Dalhart take, tsakiyar inda guguwar ƙura ta shekarun 1930 ta tashi garuruwa.

Abin da ya fi nauyi shi ne inda rarar ruwan ke zuwa. Binciken Lisa Pfeiffer da Cynthia Lin na 2014 a yammacin Kansas ya nuna cewa manoman da suka koma na'urorin ban-ruwa masu tattali sun ƙara yawan abin da suke zuƙa, ba su rage ba, domin rarar ta tafi ga ƙarin fili da amfanin gona mai ƙishi. Ban ga dalilin da zai sa dawa ta kuɓuta daga wannan ba. Idan rijiya ɗaya yanzu tana ciyar da shanu fiye da da, mai garke zai ƙara shanu, masana'antar cuku ta ƙara layi, an gudu ba a tsira ba. A Texas, inda tun hukuncin kotu na 1904 mai fili ke da ikon ruwan da ya iya jawowa daga ƙarƙashinsa, hukumomin ruwa na yanki suna iyakancewa ne da taka-tsantsan. A gundumar Sheridan ta Kansas kuwa, manoma da kansu suka amince a 2013 su rage zuƙa da kashi 20 cikin ɗari na tsawon shekara biyar, da mita a kan kowace rijiya da hukunci ga wanda ya ƙetare. Sun rage fiye da abin da suka yi alkawari, wani ɓangare ta hanyar komawa ga shuke-shuke marasa ƙishi irin dawa, kuma da wa'adin ya cika suka sabunta yarjejeniyar.