Takoma Park: Garin da Ya Ba ’Yan Shekara 16 Ƙuri’a

Ko da yake mutanen Takoma Park, ƙaramin gari a jihar Maryland mai maƙwabtaka da birnin Washington, sun shahara da riƙo da jam’iyyar Democrat, har galibinsu ba sa waiwayar wata a zaɓen shugaban Amurka, zaɓen hukumar garinsu ya daɗe yana fama da sakacin jama’a. Don haka a 2013 majalisarsu ta halatta wa ’yan shekara 16 ƙuri’a a zaɓen garin, al’amarin da babu garin da ya riga su a ƙasar. Kuma abin ta’ajibi, a zaɓen da ya biyo baya, cikin masu rajista, kason matasan da suka fito ya zarce na manya. Daga 2020 aka haɗe zaɓen garin da babban zaɓen ƙasa, ranar da jama’a ke tururuwa.