Me Ya Sa Farar Shadda Ke Ƙonewa a Hoto?

Ranar Sallah, kafin a sauko daga Idi rana ta fara zafi, kowa kuma yana son a ɗauke shi cikin sabon ɗinki. Sai hoto ya fito fuska tas, amma babbar riga ta zama fari fat, aikin aska takwas ɗin da aka kashe wa kuɗi ya ɓace ɗungurungum.

Kyamara ba ta kai idon mutum iya haɗa haske da duhu a lokaci guda ba. Ma'aunin haskenta yana ƙoƙarin mai da komai tsaka-tsaki, kamar launin toka. Idan ka taɓa baƙar fuska a allon waya, sai ta ɗauka wurin ne ke da duhu, ta ƙara haske, farin kaya ya wuce iyaka. A hoton JPEG matakan haske daga 0 suke zuwa 255. Duk inda haske ya kai ƙarshe, babu sauran zare ko zane, kuma babu manhajar da za ta dawo da ainihinsu. Inuwa kuwa ana iya haskaka ta daga baya, ko da za ta ɗan yi yashi-yashi. Saboda haka farin ake lallaɓawa.

A waya, taɓa rigar maimakon fuskar, ko ka ja alamar rana da ke fitowa a allo ƙasa har sai ɗinkin ya bayyana, sannan ka kunna HDR, tsarin da ke taimaka wa waya haɗa haske da duhu a hoto guda. Masu babbar kyamara suna da tsohuwar ƙa'ida tun zamanin fim: in rana ta take, a sa ƙofar haske a f/16, ISO 100, saurin ɗauka kuma 1/100 na daƙiƙa. Mai son baya ya dushe sai ya ɗaura gilashin ND, wanda ke rage hasken da ke shiga, domin ya samu damar buɗe ƙofar haske sosai.

A ganina dai sauya wuri ya fi duk wannan. Tsayar da mutum a bakin zaure ko inuwar katanga, yana fuskantar sarari. A yi hattara da ƙarƙashin bishiya mara duhuwa, don hasken da ke ratsa ganye yana yi wa fuska dabbare-dabbare. In kuma ba gaggawa ake ba, a jira bayan la'asar, lokacin da rana ta karkata, inuwar hula ta bar idanu.